Mai tarin fuka da ya dawo karo na biyu: tsohuwar allura, ƙwayoyin wata shida, ko gwaji kafin magani?

Sabon mai tarin fuka ba ya cika ba ma'aikacin lafiya wahalar shawara. A gwada kakinsa, a ga cutar, a auna nauyinsa, a ɗora shi kan ƙwayoyin wata shida. Wanda ke sa ma'aikaci ya ajiye biro, a Tudun Wada ne ko Sabon Gari ko cikin Birni, shi ne wanda ya fito da tsohon kati daga aljihu, ko ya dubi ƙwayar ya ce, "Malam, ai na taɓa shan wannan jan maganin." A ƙa'idar aiki, duk wanda ya taɓa shan maganin tarin fuka na wata ɗaya ko fiye ya fita daga sahun sababbi. Kuma su ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya kammala magani, aka sallame shi lafiya, bayan shekara ko shekaru tarin ya dawo. Akwai wanda ya sha na ɗan lokaci, ya ji ƙarfi, damina ta faɗi ko tafiyar cin rani ta taso, ya ɓace wata biyu ko fiye. Sai wanda bai taɓa fashi ba, amma a wata na biyar aka sake duba kakinsa aka tarar ƙwayar cutar tana nan daram. Na ukun nan shi ne ya fi tayar da hankali, domin alama ce mai ƙarfi cewa cutar ta fi ƙarfin maganin da ake ba shi.

Dalilin da ya sa ake ware waɗannan mutane ba ɓoyayye ba ne. Binciken da aka yi a Najeriya kan bijirewar cutar, wanda sakamakonsa ya fito a 2012, ya gano nau'in da ke bijire wa manyan magunguna biyu, rifamfisin da isoniyazid, a kashi 2.9 cikin 100 na sababbin majinyata, amma a kashi 14.3 cikin 100 na waɗanda aka taɓa yi wa magani. Kusan ninki biyar ke nan. Sai dai a lura da ɗaya gefen lissafin: mafi yawan waɗanda suka dawo, magungunan farko suna nan suna yi musu aiki. Saboda haka duk tsarin da zai ɗauki waɗannan mutane a matsayin abu ɗaya, ya ba su magani ɗaya, dole ya zalunci wani ɓangare nasu. Wannan shi ne abin da nake so a riƙe yayin da ake auna hanyoyin da ke gabanmu.

Hanya ta farko ita ce tsohuwar, wadda tsofaffin ma'aikata ke kira "Kat 2", wato rukuni na biyu. Wata takwas ne. A wata biyun farko majinyaci yana shan magunguna huɗu, rifamfisin da isoniyazid da firazinamid da itambutol, kuma kullum ana yi masa allurar sitireptomaisin. A wata na uku a janye allura a bar ƙwayoyin huɗu. Sauran wata biyar sai a ci gaba da uku, a cire firazinamid. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta yaɗa wannan tsari tun farkon shekarun 1990, kuma adalci ne a faɗi halin da aka yi shi a ciki. Lokacin babu gwajin da zai gaya maka cikin yini ɗaya ko magani yana aiki. Sai an shuka ƙwayar cutar a ɗakin gwaje-gwaje, a jira ta tsiro, abin da kan kai mako shida zuwa takwas, sannan a sake jiran gwajin magunguna. Ga ƙasar da ɗakunan irin wannan gwaji ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ƙara magani ɗaya da tsawaita lokaci ya yi kama da dabara mai ma'ana. Amma tsarin ya ginu ne a kan ra'ayin masana, ba a kan gwajin da aka kwatanta shi da wani tsari a jikin majinyata ba.

Mu bi shi mutum-mutum mu gani. Idan cutar majinyacin tana jin dukkan magunguna, kuma shi ne mafi rinjaye, to allurar ba ta ƙara masa komai ba sai azaba. Wata biyu cur yana zuwa asibiti kowace safiya, daga Giwa ko Soba ko wani ƙauye a bayan Kudan, yana biyan kuɗin mota ko acaɓa, yana barin gona ko shago. Ita kuma sitireptomaisin, wadda aka gano tun 1943, ba allurar wasa ba ce. Tana taɓa jijiyar kunne, ta kawo jiri da ƙara a kunne, wani lokaci da kurumtar da ba ta warkewa ko an daina. Tana taɓa ƙoda. Ba a yi wa mai juna biyu, domin tana iya kurmantar da abin da ke cikinta. Mutum ya warke daga tari ya koma gida ba ya jin kiran salla sosai, a kan allurar da tun farko bai bukace ta ba. Ni wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

Idan kuma cutar ta riga ta bijire wa rifamfisin da isoniyazid, abin ya fi muni. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma haka maganin tarin fuka yake: ana haɗa magunguna da yawa ne domin ƙwayar da ta kuɓuce wa ɗaya, ɗayan ya kama ta. To ga mutumin da manyan hannaye biyu sun riga sun saki, an ƙara masa ɗaya na wata biyu an janye, sannan a wata biyar na ƙarshe, cikin magunguna ukun da yake haɗiya, itambutol kaɗai ke ɗauke da jinkar, kuma shi ne mafi rauninsu. Sakamakon shi ne cutar ta koyi bijire wa abin da ya rage, majinyacin ya ɓata wata takwas, yana kuma tari a cikin ɗaki ɗaya da matarsa da 'ya'yansa. Tsohuwar ƙa'idar likitocin tarin fuka ita ce kada a ƙara magani guda ɗaya a kan tsarin da ya riga ya gaza, kuma rukuni na biyu ya karya wannan ƙa'ida kai tsaye. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina ba da shi, a riƙa gwada bijirewar cutar, sakamakon gwajin ya zaɓi maganin.

Hanya ta biyu ita ce wadda yawancin cibiyoyinmu ke bi yanzu: a gwada kaki da injin GeneXpert, idan ya nuna rifamfisin yana aiki a maimaita tsarin wata shida irin na sabon majinyaci, wata biyu da magunguna huɗu, wata huɗu da rifamfisin da isoniyazid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan gwaji a ƙarshen 2010, Najeriya kuma ta mayar da shi gwajin farko ga duk wanda ake zargi da cutar a 2016. Cikin awa biyu yake ba da amsa biyu: akwai cutar ko babu, kuma tana bijire wa rifamfisin ko a'a. Alherin wannan hanya a bayyane yake. Babu allura, wata biyu sun ragu, ƙwayoyin suna nan a kowace cibiya kyauta, kuma ma'aikacin ƙaramin asibiti ya san su kamar tafin hannunsa. Mutumin da a karon farko ya gudu saboda wahalar zirga-zirga ya fi yiwuwa ya jure wannan.

Amma akwai rami a cikinta, kuma a kansa nake so in daɗe, domin ba a cika maganarsa ba. GeneXpert na yau da kullum rifamfisin kaɗai yake dubawa. Ba ya cewa komai game da isoniyazid. Alhali akwai nau'in cutar da ke jin rifamfisin amma ya bijire wa isoniyazid, kuma a duniya wannan nau'in ya fi wanda ke bijire wa duka biyun yawa. A cikin waɗanda aka taɓa yi wa magani yana kaiwa wajen mutum ɗaya cikin goma. Irin wannan majinyaci takardarsa za ta fito da kyau, a ɗora shi kan wata shida, wata biyun farko su tafi lafiya saboda magunguna uku suna aiki. Da an shiga wata huɗun ƙarshe, sai ya zama rifamfisin kaɗai ke yaƙi. Ta nan ne ake haifar da bijirewa ga rifamfisin, a hannunmu, da maganin da muka ba da da kyakkyawar niyya.

Wani nazari da mujallar Lancet Infectious Diseases ta buga a 2017, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya nuna girman abin. Masu cutar da ke bijire wa isoniyazid da aka ba tsarin sababbin majinyata, kashi 11 cikin 100 maganin ya gaza, kashi 10 cutar ta dawo musu, kashi 8 suka koma masu bijire wa manyan magunguna biyun. Da aka ba irinsu tsohon tsarin wata takwas, alƙaluman sun kasance 6 da 5 da 3. Wato a wannan rukuni guda, tsohon tsari ya fi maimaita wata shida. Tsofaffin ma'aikatan da suka yi ta gunaguni lokacin da aka janye allura ba su rasa gaskiya gaba ɗaya ba. Sun lura cewa an cire wani abu ba a cike gurbinsa ba. Inda na saba da su shi ne a kan maganin matsalar. Ba a yi wa mutum goma allura domin a taimaki ɗaya, musamman tunda shi ɗayan ma yanzu akwai abin da ya fi masa allurar.

Wannan ya kawo mu hanya ta uku, wadda ita nake goyon baya: a gwada rifamfisin, a gwada isoniyazid, sannan a raba majinyatan gida uku. Wanda cutarsa ke jin duka biyun ya sha wata shida na kowa da kowa, kuma a nan babu wata fargaba. Wanda cutarsa ta bijire wa isoniyazid kaɗai, tun 2018 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ba shi rifamfisin da itambutol da firazinamid da lebofuloksasin har wata shida ba tare da rage ko ɗaya ba, kuma hukumar ta ce kada a ƙara sitireptomaisin ko wata allura. Tunda ƙwayoyinmu a haɗe suke zuwa, huɗu cikin ƙwaya ɗaya, a aikace ana ci gaba da ba da haɗin nan ne a ɗora lebofuloksasin a kai. Wanda kuma cutarsa ta bijire wa rifamfisin ya fita daga wannan layi gaba ɗaya, ya koma tsarin masu bijirewa.

Wannan hanya ma tana da nauyinta, bai kamata a ɓoye ba. Firazinamid na wata shida ya fi na wata biyu matsa wa hanta da gaɓoɓi, don haka sai an riƙa duban idon majinyaci da tambayarsa game da amai da ciwon ciki. Lebofuloksasin na iya taɓa bugun zuciya ga wasu, kuma ba a haɗa shi lokaci ɗaya da maganin gyambon ciki irin mai kama da alli, domin yana hana shi shiga jiki. Sannan kafin a ɗora shi sai an tabbatar rifamfisin yana aiki, in ba haka ba an koma gidan jiya, an ƙara magani ɗaya a kan tsari matacce, kuma wannan karon an ƙona magani mai daraja da za a bukata nan gaba. Akwai kuma damuwar da ta shafe mu musamman. Dangin lebofuloksasin, irin su sifurofuloksasin, ana sayar da su a kemis-kemis ba tare da takardar likita ba, ana sha don taifot da ciwon mara da duk tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Mai tarin fukan da ya yi watanni yana shan su kafin ya iso asibiti, mai yiwuwa cutarsa ta riga ta saba da su. Shi ya sa gwajin da ya fi dacewa shi ne wanda zai duba wannan dangi ma.

Irin wannan gwaji akwai shi. Akwai ƙullin gwaji na Xpert MTB/XDR da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021, wanda ke duba isoniyazid da dangin lebofuloksasin cikin ƙasa da awa biyu, sai dai yana bukatar sabon samfurin injin, ba kowane tsoho ke karɓarsa ba. Akwai gwajin tsinke na manyan ɗakunan gwaje-gwaje da ke ba da amsa cikin 'yan kwanaki. Sai shuka ƙwayar cutar, mai jinkiri amma mai cikakken bayani. A nan Zariya tana da gatan da garuruwa da yawa ba su da shi. Cibiyar Horaswa kan Tarin Fuka da Kuturta ta Ƙasa tana Saye, a bakin garinmu, da babban ɗakin gwajin da ake aiko wa samfuri daga jihohi masu nisa. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Idan kakin mutumin wata jiha yana iya isowa Saye, na mutumin Ƙofar Doka ko Samaru bai kamata ya tsaya a gwajin rifamfisin kaɗai ba. Abin da ake bukata tsari ne: kwalba biyu tun ranar farko, mai babur da ke kwasar samfuri a kan kari, da hanyar da sakamako zai dawo hannun ma'aikacin da ke ba da maganin, ba ya kwanta a wani littafi ba.

Tambayar da ma'aikata kan yi ita ce, to kafin sakamakon isoniyazid ya dawo fa, a zaunar da majinyaci yana tari? A'a. Muddin GeneXpert ya nuna rifamfisin yana aiki, a fara ba shi haɗin magunguna huɗun a ranar. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne sakamakon ya iso kafin ƙarshen wata na biyu, wato kafin a sauke shi zuwa magunguna biyu, domin nan ne haɗarin yake. In ya dawo da bijirewa ga isoniyazid, a sake tabbatar da rifamfisin, a ƙara lebofuloksasin, a ƙirga wata shida daga ranar da aka ƙara. Da ni ake shawara wajen gyara ƙa'idar ƙasa, da wannan layin zan fi dagewa a rubuta ɓaro-ɓaro: kada a sauke wanda aka taɓa yi wa magani zuwa magunguna biyu sai an ga sakamakon isoniyazid ɗinsa, ko likita ya duba lamarinsa ya sa hannu.

Game da gida na uku, masu bijire wa rifamfisin, labarin ya canja ƙwarai, kuma ya kamata iyalai su sani domin tsoron da ya rage a zukata na tsohon zamani ne. A da magani ne na kusan wata 20, da watanni na allurar kanamaisin, da kwanciya a asibiti, da kurumtar da ta nakasa mutane da yawa. A ƙarshen 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar tsarin BPaLM, ƙwayoyi huɗu na wata shida ba allura: bedakwilin, firetomanid, linezolid da moksifuloksasin, ga masu shekara 14 zuwa sama. A gwajin da ya kafa hujjarsa, kashi 89 cikin 100 sun samu nasara, idan aka kwatanta da kashi 52 a tsohon tsari. Yana bukatar sa ido, domin linezolid na rage jini, yana kawo zugi ko mutuwar tafin ƙafa, yana iya taɓa gani, kuma masu juna biyu akwai tsarin da aka fi zaɓa musu. Amma abin lura shi ne, a yau maganin mai bijirewa ya fi tsohon rukuni na biyu gajarta. Babu sauran dalilin jinkirta gano shi.

Akwai wani tarko kuma da ya shafi waɗanda suka dawo kaɗai. GeneXpert yana gano ɓurɓushin halittar ƙwayar cutar ne, ba ya bambance mai rai da matacciya. Mutumin da ya gama magani ba da daɗewa ba, gwajin na iya nuna alamar cutar alhali gawarwakinta ne suka rage a huhu. Kuma tarin fuka yakan bar tabo: wani zai ci gaba da tari, da haki, har da jini a kaki, saboda huhun ya lalace ko wani naman gwari ya zauna a kogon da cutar ta bari. Irin wannan idan aka sake ɗora shi kan wata shida ba abin da zai ƙaru sai wahalar hanta. Don haka sakamako mai rauni a jikin wanda ya gama magani kwanan baya yana bukatar idon likita, da hoton ƙirji, da shuka kakin, kafin a yanke hukunci. Ta ɗaya gefen kuma, duban madubin likita ko wani gwajin kaki da ake kira TB-LAMP suna iya nuna akwai cutar amma ba sa cewa komai kan bijirewa, saboda haka ba su isa a ɗora magani na biyu a kansu ba.

Duk tsarin da aka zaɓa, sai an tambayi abin da ya sa mutumin ya dawo. A yi masa gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, kuma in yana shan dolutegirabir, ɗaya daga magungunan wannan cuta, a sani cewa rifamfisin na rage ƙarfinsa, sai an mayar da shi sau biyu a rana. A duba sugansa, domin ciwon suga da ba a kula da shi ba yana cikin abubuwan da ke dawo da tarin. Matar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa a gaya mata rifamfisin na raunana ta. Wanda kuma ya tsere a karon farko, a zauna da shi a ji dalili ba tare da faɗa ba. In kuɗin mota ne, a mayar da shi cibiya mafi kusa da gidansa. In kunya ce, a nemi ɗan'uwan da ya yarda da shi ya zama mai tsaya masa. In azumi ne ya rikita masa lokacin sha, a daidaita masa lokacin tare da shi. Majinyacin da ya gudu saboda yunwa zai sake gudu ko da an ba shi maganin da ya fi kowanne kyau.

Ga iyalin da ɗan'uwansu ya dawo da tari, abin da ke hannunku yana da yawa. Ku nemo tsohon katin ku tafi da shi, in ya ɓata ku faɗi inda aka yi maganin da shekarar da tsawon lokacin da aka sha, har da fashin da aka yi, domin ɓoye shi na iya sa a rubuta mutum a matsayin sabo. Ku tambaya cikin ladabi, "Likita, an duba ko rifamfisin yana masa aiki? Na isoniyazid ɗin fa, an aika?" Idan wani a wajen cibiyoyin da aka amince da su ya ce zai yi masa allurar sitireptomaisin ta wata biyu a kan kuɗi, kada ku yarda. Gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin shirin ƙasa, kuma akwai layin 3340 da ake kira ba tare da caji ba don a nuna muku mafi kusa. In sakamako ya nuna bijirewa, a kai duk mutanen gidan a duba su, a fara da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da majinyacin.